Wayar Jona Batir a Ƙarƙashin Goro

Ni dai wauta ba da tsufa ta zo mini ba, da ita aka yaye ni. Lakkol ma, makarantar boko, ban daɗe ba malamin ya ce kaina ya fi dacewa da ɗaukar kaya, kuma bai yi ƙarya ba. Amma wadda na tafka a hanyar Djougou ta fi sauran, don ita da hankalina na zauna na shirya ta, na naɗe ta a buhu, na ɗaure bakin da igiya.

Babban ɗana da ke aiki a Cotonou ne ya aiko mini da mota. Kat-kat ce, irin jif ɗin nan, baƙa, doguwa, in ta shigo layinmu a Parakou sai masu babur sun hau gefen kwata. Sai da muka fasa katanga kafin ta shiga gida. A bayanta, in ka ɗaga shimfiɗa, akwai wani rami mai murfi, a nan yaron ya jera mini kayan ko-ta-kwana: jak, igiyar jan mota, tocila, tukunyar kashe gobara, akwatin magani, da jan abin nan mai kusurwa uku da jandarmomi ke tambaya. Sai wayar jona batir, ja da baƙa, kaurinta kamar babban yatsana, bakinta yana cizo kamar na kada. Ya ce, "Baba, motar nan otomatik ce, ba a tura ta. In batir ya mutu, wayar nan ce kaɗai za ta fisshe ka. Kada ta bar motar."

Na ce to.

Yanzu sai yayan matata. Tun ranar da na je neman ƙanwarsa ya dube ni daga hula zuwa takalmi ya taɓe baki, har yau bakin bai koma daidai ba. Na je Makka na dawo, kowa na ce mini Alhaji, shi "mijin yarinyar nan" yake cewa, yarinyar da take da jikoki. Ni kuwa ba damar ramawa, suruki ne. Sai "Yaya, ranka ya daɗe," ina rusunawa ina zaginsa a ciki.

Yana da wata tsohuwar akori-kura ta ɗaukar doya, mu nan bashe muke ce mata. Batirinta ya mutu tun ina da haƙoran gaba, 'yan unguwa ke tura ta kowace safiya. Da ya ji labarin wayata, turi ya ƙare. Kullum sai ga shi a ƙofata, ba sallamar kirki.

"A fito da motar nan a ba ni wuta."

In ajiye kokona, in kai kat-kat har gaban akwalarsa, hanci da hanci, ya jona, ya tayar, ya fizge wayar ya yar a ƙasa cikin baƙin mai, ya wuce ko waiwaye babu. Ran nan ya jona ta a juye, ta yi tartsatsi, gefen jan bakin ya ƙone. Ya ce ai kayan Cotonou duk jabu ne. Na kai ƙara wurin matata, ta ce, "Yayana ne fa. In ba ka ba shi wuta ba, wa za ka ba?"

Shi ne na goge wayar tas, na naɗe ta a buhun shinkafa, na cusa can ƙuryar ramin, bayan jak. Washegari na ce masa ta ɓata. Bai yarda ba. Ya jira har aka sallame la'asar, ana neman takalma a ƙofar masallaci, ya ɗaga murya.

"Liman, ka ji wai wayar mijin yarinyar nan ta yi ƙafa."

Idanu suka yo kaina. Na ce, "Wallahi ta ɓata, Yaya. Har ƙarƙashin kujeru na nema."

Liman ya ce Allah ya mayar da alheri. Ni ma na ce amin. Daga ranar, duk safiya ina jin ihun masu tura bashe a bayan katanga, ina kurɓar koko, ban taɓa jin ya yi mini daɗi haka ba.

Ana nan aka sa ranar auren autana, da wata yarinya 'yar Djougou. Can ne asalinmu, kakannina fataken goro ne, da jakuna suka shigo garin suka zauna. A gidanmu uban ango ba ya magana wurin ɗaurin aure, akwai wakili. Amma shi yake kwance huhun goro da hannunsa a gaban dangin amarya, ya buɗe ganye, ya miƙa wa babbansu na farko. A nan ake gane ko gidan ya san goro. Ubana ya yi wa kowane ɗansa. Ni lokacin auren babban ɗana ina kwance asibiti, na autan nan ne kaɗai ya rage mini. Da kaina na zaɓi goron, ɗaya bayan ɗaya, fari da ja, ba mai tsutsa ba mai tabo. Na yayyafa ruwa, na ɗaure, na ɗora huhunan a bayan mota, daidai kan murfin ramin.

Mata da ango sun riga mu tafiya. Ni da liman muka ɗauki hanya da hantsi, ɗaurin aure bayan azahar. Yaya ya ce shi ba ya shiga motar da aka ba mutum sadaka, da bashensa za shi. A Tourou muka cim masa yana tafe yana hayaƙi. Na danna masa oda mai tsawo na wuce.

Da muka kai wajen Bariénou liman ya ce in tsaya ya sabunta alwala, ya kuma gaisa da wani abokin karatunsa a bakin hanya. Na faka a ƙarƙashin mangwaro. Rana ta ɗaga, goro kuwa ba ya son zafi, in ya sha rana sai ya yi yaushi, fuskarsa ta tattare kamar tawa. Mai kuma ba a rijiya nake ɗibar sa ba. Sai na kashe inji na bar fankar mota tana hura wa goro iska, na rufe ƙofofi, ina yaba wa kaina. Fitilun da na kunna tun da safe saboda yayyafi, su ma ashe suna nan a kunne. Gaisuwar malamai biyu kuwa kun san ta. Aka kawo fura, aka shiga zancen wane ya rasu, wane ya ƙaura.

Muka dawo, na murɗa makulli. Ƙat, ƙat, ƙat. Na sake. Shiru.

Manoma suka taru, suka ce a tura. Na ce ba a tura ta. Suka yi dariya, wai wace irin mota ce wannan, ga girma ba zuciya. Duk wurin babura ne, ba mai waya. Muna cikin haka sai ga hayaƙi daga gabas, sai ga bashe. Yaya ya tsaya a gabanmu, bai kashe inji ba, don in ya kashe, shi ma ya zauna. Ya sauko yana gyara babbar riga.

"A'a. Jirgin sama ne ya sauka hutawa?"

"Batir ne, Yaya, ranka ya daɗe."

"Batir? Ashe na masu kuɗi ma yana mutuwa."

Liman ya ce, "Alhamdu lillahi, ga mota da wuta. Alhaji, ba ka da wayar nan ta jonawa?"

Kafin in buɗe baki Yaya ya amsa. "Ta ɓata, Liman. A gabanka ya rantse. Har ƙarƙashin kujeru ya nema, bawan Allah."

Liman ya juyo ya dube ni. Mutumin nan shi ya raɗa wa 'ya'yana suna, bayansa nake salla. Wayar tana nan bayana, taku kaɗan, ƙarƙashin goro. In ce na tuna inda take? A naɗe cikin buhu, da ƙulli irin na fatake wanda duk Parakou ni kaɗai nake yin sa? Sai harshena ya motsa da kansa.

"Ta ɓata, Malam."

Yaya ya dubi rana. Ya ce lokaci na tafiya, ba za a bar mutane zaune a Djougou suna jiran goro ba, a ce dangin ango ba su da ta-ido. A kwashe huhunan a sa a bashe. Na ce to in bi su, mota ta jira. Ya ce gaba wurin mutum ɗaya ne, na liman, baya kuma ba ya ɗaukar mai sabuwar shadda ya ce an ɓata masa. Wa ma zai bar irin wannan mota a daji? Mai ita ya tsare kayarsa, za a turo makanike.

Shi da kansa ya sauke huhunan. Da ya ɗauke na ƙarshe sai ya ce yana son igiya ya ɗaure su kada su yi ta gara. Ban ankara ba ya ɗaga murfin ramin. Ina tsaye a gefensa. Igiyar tana sama. Can bayan jak, girgizar hanya ta sassauta buhun, jan bakin nan mai ƙunar gefe ya leƙo waje kamar yana gaishe shi.

Ya daɗe yana kallo. Na jira ya kira liman. Wallahi da ya kira, da na sha kunyata a wurin, a jona, in isa Djougou in kwance gorona. Sai ya ɗauki igiyar, ya mayar da murfin a hankali, har da gyara shimfiɗa.

"Liman, mu tafi."

Ina kallo bashe ta tafi da gorona yana rawa a baya, cikin rana, ba ko tabarma a kai.

Da suka ɓace na zaro wayar. Manoman nan suna kallona, wani tsoho a cikinsu ya ce wani abu da yarensu, duka suka kwashe da dariya. Ban nemi fassara ba. Na tsaya bakin kwalta ina ɗaga waya kamar mai tallan maciji. Motoci suka yi ta wucewa. Daga baya wani direban tasi ya tausaya, ya tsaya ya ba ni wuta. Murɗawa ɗaya ta tashi.

Na isa Djougou ana shafa fatiha. Ganyen goro a warwatse a kan tabarma. Aka ce mini kawun ango ne ya kwance, ya miƙa wa babban gidan, har ana yaba masa iya zaɓe, bai ce ba shi ba ne. Wani dattijo da bai san ni ba ya ga na shigo ina gumi, ya miƙo mini goro ɗaya, fari, ya ce in sa albarka. Na karɓa. Na gane goron ma, ni na zaɓe shi. Autana ya hango ni daga nesa ya sunkuyar da kai. Matata kuwa sai da muka koma Parakou ta yi mini magana, ita ma "ga tuwo" ce.

Liman ya tambaye ni yadda aka yi mota ta tashi, na ce wani mai tasi ne. Ban ƙara ba, bai ƙara ba.

Yaya bai sake zuwa neman wuta ba. Har yau tura masa ake yi, kuma yanzu ihun ba ya yi mini daɗin koko. Bai gaya wa kowa ba, na sani, don da ya faɗa da tuni yaran unguwa sun sa mini suna. Ajiye abinsa ya yi.

Ranar sunan ɗan da aka haifa wa autan nan, bayan shekara, muna zaune a zaure cike da mutane, aka zo rabon goro. Ya karɓi nasa, ya fasa, ya matso kusa da ni kamar zai yi mini barka. Na rusuna na ce, "Yaya, ranka ya daɗe." Ya sa bakinsa daidai kunnena.

"Mijin yarinyar nan, abin nan da ya ɓata, ka riƙa shafa masa mai. Ramin nan yana da damshi."