Alwalar Gidaɗo

Har in koma ga Allah ba zan manta da wata Litinin ba, farkon bazara, lokacin ina helma a kamfanin wani ɗan kwangila da ke gina sito a Azare. Sojoji ba su daɗe da dawowa daga yaƙin Bama ba, wato Yaƙin Duniya na Biyu. Ku yaran yanzu ba ku san helma ba: shi ne shugaban leburori, yana ƙarƙashin foman, kuma duk sabon ɗauka ta hannunsa zai bi.

Ga yadda tsarin yake. Akawu zai rubuta sunan mutum ya ba shi lambar ƙarfe ya rataya a wuya. Sannan ni in zagaya da shi, in nuna masa yashi, siminti, wurin hawa da sauka, da abin da ba a taɓawa. Babba cikin waɗanda ba a taɓawa shi ne duron farin garin shafen bango. Garin nan idan aka jiƙa shi tafasa yake ba tare da wuta ba. In ya kwanta, ruwan samansa garau yake kamar na rijiya, amma yana cin fata.

Ran nan aka kawo mini sababbi daga Gadau da Bulkachuwa. Foman ya leƙo ya ce, "Garba, ana jiran yashi. Kada ka ɓata mini safiya." Sai na tara su wuri ɗaya na zuba bayani a tsaye, na nuna duron daga nesa. Na ce, "Kun gane?" Duk suka ce, "To."

Cikinsu akwai wani Bafillace dogo, magidanci, sunansa Gidaɗo, wanda cuta ta cinye masa shanu. Shi ma ya ce, "To."

Da azahar muka yi sahu ƙarƙashin tsamiya, Gidaɗo a damata. A raka'a ta biyu na ji kafaɗarsa tana rawa. Da aka sallame na waiwaya na dube shi. Fuskarsa ta yi jawur, idanu a kumbure, ruwa na zuba, fatar hannunsa ta fara saɓulewa. Bai yi ko tari ba.

Na ce, "Innalillahi! Me ya same ka?"

Ya nuna duron da baki. Ashe a can ya cika butarsa ya yi alwala.

Muka kwantar da shi muna ta kwarara masa ruwan rijiya. Malam Modu, babban magininmu, mai jin Fillanci, ya durƙusa yana tambayarsa. Sai ya ɗago ya dube ni ya ce, "Helma, mutumin nan Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Da ka nuna duron, ya ɗauka ruwan sha kake nuna musu."

Na ce, "To, me ya hana shi magana da ya ji zafi?"

"Ya ce ranar farko ce. Ba zai yi ihu gaban maza ba, kuma ba zai yanke salla ba."

Aka kai shi asibiti a motar yashi. Idon dama ya tsira, na hagu ya tafi. Foman ya ce in faɗa wa akawu gangancin lebura ne. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba zan iya ba. Ni ne ban nuna masa ba." Ya yi mini faɗa sosai, amma bai kore ni ba.

Da Gidaɗo ya warke na je har rugarsu, tare da Malam Modu, neman gafara. Ya shimfiɗa mana tabarma, matarsa ta kawo nono. Na nemi gafararsa. Abin da ya ce kawai, a ba shi lambarsa, yana da iyali. Ya dawo, muka yi shekaru tare, kuma shi ya riƙa yi wa sababbin Fulani bayani da harshensu.

Saboda haka ku da za ku riƙa karɓar ma'aikata, ku sani mai neman abinci ba zai ce bai gane ba, ko da bai ji kalma ɗaya ba. Tun daga ranar na daina tambayar mutum ko ya gane. Hannunsa nake kamawa in kai shi bakin abin, in ce, "Faɗa mini da bakinka, mene ne wannan?" Foman kuwa, sai dai ya jira.