Jak ɗin Motar Baffa

Ko da tsufa zai kwashe duk abin da ke cikin kaina, ba na jin zai iya tafiya da wata safiyar Asabar da muka yi a gidanmu na Dawaki, a nan Gombe. Shekaru sun ja, na yi aure har yarana sun fara yi min musu, amma har yau in na ga an ɗage mota da jak a bakin titi, sai gabana ya faɗi, daga baya kuma dariya ta ƙwace min. Mutane su yi ta kallona kamar wadda ta zare.

Bari in fara da mutanen gidan. Babban wanmu, wanda muke ce wa Hamma, shi ne ɗan farin mahaifiyarmu, Dada. Mu kuwa Fulanin gari ne, shanun sun daɗe da barin hannunmu amma kunyar tana nan daram. Tun da Dada ta haifi Hamma ba ta taɓa kama sunansa ba. A hannun kakarmu ya tashi, da ya dawo gida kuma sai ya zama "wancan". In abinci ne, "Ku kai wa wancan." In ya durƙusa gaishe ta, bango take kallo ta amsa. Idan magana ta zama dole ni ce 'yar aike, ko da tsakaninsu bai wuce miƙa hannu ba. Na sha tsokanar ta in ce, "Dada, wai kin ma san sunansa kuwa?" Sai ta jefe ni da duk abin da ya fi kusa da ita.

Sai kuma motar. Marigayi mahaifinmu, Baffa, ma'aikacin gwamnati ne, kuma tun kafin a haife ni ya sayi wata doguwar mota ruwan toka, irin ta da mai nauyin tsiya, wadda in ka rufe ƙofarta sai maƙwabta sun sani. Bayan rasuwarsa ta yi zamanta a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida, kaji suka mayar da ita ɗakin kwana. Rana ɗaya Hamma ya ce shi fa sai ya tashe ta. Ya yi ta safa da marwa tsakanin gida da makanikan Herwagana, kuma duk abin da za a sa mata sai ya ji an ce orijinal ne. Burinsa guda: ya zaunar da Dada a gidan baya ya zaga gari da ita, yadda Baffa yake yi duk yammacin Juma'a.

Allah da ikonsa, motar ta tashi. Ranar kuwa har da guɗa na yi. Abin da ya rage kawai tayar baya guda da ta tsage, a cire ta a sa sabuwa.

A cikin but, ƙarƙashin safaya, Hamma ya tono jak ɗin motar naɗe a tsohon buhu. Ƙarfe ne siriri mai tsayi, da hannun juyawa, da ɗan harshe da ake zurawa cikin wani rami a gefen motar. Ni dai a idona sandar tsohuwa ce aka yi wa fenti. Shi kuwa riƙe shi ya yi kamar an miƙo masa jariri.

"Ke, kin san mene ne wannan? Da shi ta fito daga kamfani. Dubi fentinsa ma bai goge ba. Wannan ai ba irin gwangwanin da ake sayarwa yanzu ba ne."

Na ce, "Hamma, ya girme ni fa."

Ya ce, "Shi ya sa ya fi ki hankali."

An kwana ana ruwa, ƙasar tsakar gidanmu kuma rairayi ce, in ta jiƙa sai ta yi laushi kamar tuwon da bai ji wuta ba. Babu wanda ya kawo wannan a ransa. Hamma ya kwance notuna, ya zura jak, ya dinga juyawa yana 'yar waƙarsa, motar tana ɗagawa a hankali. Ni kuma na kunna wayata ina ɗaukar bidiyo don in tura wa 'yan uwa, ina ta zuba kamar mai gabatar da labarai. Dada tana gefe kan tabarma tana tsince wake, ta juya mana baya rabi da rabi, wai ita ba ruwanta. Ƙarya take, duk abin da ake yi a kan idonta ne.

Taya ta fita lafiya lau. Da a nan ya tsaya ya sa sabuwar, da ba ni da labarin da zan ba ku. Amma da ya leƙa sai ya hango salansa ta saki tana lilo. Ya ce ai ba zai ɗauki Dada a motar da ke jan wutsiya ba. Ya ɗauko igiyar ƙarfe, ya shimfiɗa kwali, ya kwanta rigingine ya sulale ƙarƙashin motar har ƙugu. Ƙafafunsa kawai muke gani.

Da yake Dada a ƙasa take zaune, ita ta fara ganin abin da mu ba mu gani ba. Ta yi gyaran murya ta ce min, "Ke, ce wa wancan ƙarfen nan yana kwantawa."

Na sunkuya ina dariya. "Hamma, Dada ta ce jak ɗinka yana kwantawa."

Murya ta fito daga ƙarƙashin mota: "Ce mata na kamfani ne."

"Dada, ya ce na kamfani ne."

"Na ji, ai ba kurma ba ce ni. Ce masa ya fito."

"Hamma, ta ce ka fito."

"Ce mata saura ɗauri ɗaya."

Wallahi a lokacin ni abin nishaɗi yake ba ni. Mutum biyu suna jin numfashin juna, amma sai an bi ta kaina kamar ana kiran ƙasar waje. Na kalli jak ɗin, na ga kamar ya ɗan karkace, na ce a raina wataƙila haka tsayuwarsa take.

Sai Hamma ya ce igiyar ta ƙi murɗuwa da hannu, in ɗauko masa filaya a ɗakinsa. Na jingina wayar da bokiti tana ci gaba da ɗauka, na ruga. Ɗakin Hamma kuwa kasuwa ce, in ka shiga neman allura sai ka fito da takalmi. Ina can ina birkita akwatuna, tsakar gida ta rage daga Dada sai ɗan farinta, babu ɗan aike ko ɗaya.

Abin da ya biyo baya a bidiyo na gan shi. Gindin jak ɗin yana nutsewa cikin jiƙaƙƙen rairayi, kansa yana sunkuyowa, motar tana wani ɗan kuka ƙasa-ƙasa. Dada ta ajiye faifan wake. Ta waiga dama, ta waiga hagu, tana neman wanda za ta aika. Ta ƙwala min kira, ban ji ba. Ta miƙe tsaye ta ce, "Kai!" Ta ce, "Kai wancan!" Hamma yana ta waƙarsa, don bai taɓa sanin Dada na magana da shi kai tsaye ba, balle ya zaci da shi ake.

Sai ta ɗora hannu biyu a ka, ta buɗe baki ta kira sunansa. Sunansa na yanka, cikakke, da wata murya da ban taɓa sanin tana da ita ba. Ni da ke cikin ɗaki sai da filaya ta faɗi daga hannuna.

Hamma ya faɗa min daga baya cewa shi ko kaɗan bai tuna da mota ba. Da ya ji sunansa a bakin Dada, abin da ya zo masa shi ne wani mugun abu ya same ta, don in ba mutuwa ba bai ga abin da zai sa ta yi haka ba. Ya wuntsilo daga ƙarƙashin motar kamar an harbo shi, ya miƙe zai nufe ta. Bai gama miƙewa ba jak ya zame. Motar ta rikito da wata ƙara da ta watsa kajin unguwa, gefenta ya nutse daidai inda ƙirjinsa yake. Hularsa da ya bari a kan kwalin, sai da yamma aka zaro ta, ta zama faifai.

Na fito da gudu na same su tsaye cirko-cirko. Wake ya watse ko'ina. Hamma ya kalli motar, ya kalli Dada, ya sake kallon motar. Ya zauna daɓas a cikin caɓi. Na zaci kuka zai yi. Sai kawai ya fashe da dariya, irin wadda ba ta tsayawa, yana dukan ƙasa da tafin hannu.

"Dada, me kika ce? Don Allah me kika ce?"

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta juyo wajena ta ce, "Ce wa wancan ba shi da hankali."

"A'a, Dada, ai kin riga kin faɗa! Ashe kin san shi! Ashe kin iya!"

Ni ma sai na zube kusa da shi, muna dariya hawaye na zuba, ba mu san ko murna ce ko tsoro ba. Maƙwabta suka shigo da salati, suka tarar da mota a kwance da manya biyu a caɓi suna ƙyaƙyatawa. Dada ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Da na bi ta, na same ta a kan sallaya ta kifa goshi, kafaɗunta na girgiza. Na ja ƙofar na fito. Ranar na ji tausayinta fiye da kowace rana, don na gane irin abin da ta daɗe tana riƙewa a ciki.

Da hankali ya dawo, Hamma ya duba ya ga ramin da ake zura jak ɗin tsatsa ta cinye shi ta ciki, fenti ne kawai ya rufa masa asiri, ga ƙasa kuma ba ta da ƙarfi. Ya ce ko da jak ɗin sabo ne dal, an yi shi ne don a ɗaga mota a sauya taya, ba don mutum ya shige ƙasa ya kwanta ba. Ya wanke shi, ya shafa masa mai, ya mayar cikin buhunsa, ya ce ya yi ritaya. Ya sayo babban jak, kuma tun daga ranar ko leƙa ƙasan mota zai yi sai ya sa katako a gindin jak, ya tokare ta da gungumen icce.

Juma'ar da ta biyo ya ɗauki Dada ya zaga gari da ita. Tana gidan baya tana kallon taga, ni ina gaba ina aikina. "Ce wa wancan ya rage gudu." "Ce mata a giya ta biyu nake."

Bidiyon kuwa ya zama abin rigima. Dada ta ce in goge, Hamma ya ce in na goge shi da ni ne. Ya yanke daidai wurin kiran ya adana a wayarsa. Duk wanda aka nuna wa, faɗuwar motar yake kallo yana salati. Hamma bai taɓa kallon motar ba, kunne kawai yake kasawa. Dada ta ce ita ba ta kira kowa ba, kunnuwanmu ne, kuma har yau ba ta sake ba.

Abin da na koya shi ne, kada tsufan abu ko kyan fentinsa ya sa ka ɗora ranka a kai. Ka girmama kayan da, ka adana su, amma in za ka shiga ƙarƙashin mota ka tokare ta da abin da ba ya zamewa. Na kuma daina tsokanar Dada a kan sunan. Yanzu gemun Hamma ya yi fari, amma kwanakin baya na shiga falonsa ba sallama, na same shi shi kaɗai da waya a kunne, yana sake sauraron mahaifiyarsa tana kiransa.