Gabas da Giginya

Ku matso kusa, ku ajiye abin da ke hannunku, ku ara mini kunne. Wannan ba tatsuniya ba ce. Da ƙafata na taka wurin, ko da yake yau ba mai ratsa shi sai kifi.

A shekarun da ake gina dam ɗin Bakolori, ƙauyenmu na ƙasar Maradun yana cikin waɗanda aka ce ruwa zai ci. Mutane na kwance azara, suna cire ƙyamare, suna labta wa jakuna. Ana cikin haka auren ɗiyar yayana ya mutu. Mijin ya sake ta, ta koma Bakura wurin uwarta, da ƙaramar ɗiyarsu a goye.

Mutuwar aure ba baƙon abu ba ce, amma irin tasu ban taɓa gani ba. Ya ce a ba shi ɗiyarsa, ta ce sai bayan ranta. Ta ce a kawo mata akuyarta, ya ce ai dawarsa ta ci ta girma. Sun sha zuwa gaban alƙali a Mafara, abin da aka raba musu yau, gobe su tono wani. Daga baya aka ce su koma gida, a samo mutum guda daga nasa, guda daga nata. Daga nasa aka ɗauko limamin ƙauyenmu, kawunsa ne. Daga nata, da yake ubanta ya rasu, aka ce ni goggonta.

Liman ya ce mini kada in je mata da nasiha, an riga an cika mata kunne da ita. In je in zauna kawai.

Na je na zauna. Muna ɓarar gyaɗa, tana lissafa mini laifinsa, daga akuya zuwa tasa zuwa tabarma, ina cewa to. Sai na lura da abu guda: duk wanda ya zo daga wajenmu, kafin ta tambayi lafiyar kowa, sai ta tambaye shi ina ruwa ya kawo. Wata rana da la'asar ta tambayi wani mai tallar daddawa ko ya kai giginya. Giginya guda ce a ƙauyenmu, tsakiyar makabarta take. A nan aka binne ɗansu na fari, wanda ƙyanda ta ɗauke bayan yaye.

Da mai daddawa ya tafi, na ture kwaryar gyaɗar gefe, na dube ta.

Ta ce, "Goggo, ina ɗaki aka fita da shi. Tabarma kaɗai aka dawo mini da ita. Na ce ya nuna mini inda ya sa shi, ya ce mace ba ta zuwa makabarta. Na haƙura, don na san yana nan kusa da ni. Yanzu ruwa zai rufe shi ban san wurin ba."

Ashe da labarin ruwa ya zo ta sake roƙonsa, ya daka mata tsawa a gaban mutane. Daga ranar gidan bai ƙara zama gida ba.

Na koma na faɗa wa liman. Ya ce in dai daga bakin shingen makabarta za ta tsaya ta yi addu'a, shi bai ga laifi ba. Ya kira mijin zaure, ni ina zaune daga bakin ƙofa. Mutumin ya ƙi, ya kawo wannan, ya kawo wancan, har ya koma kan akuya. Liman bai katse shi ba, yana jan carbinsa, sai da maganar ta ƙare masa.

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ban san wurin ba. Na je na duba, ba sau ɗaya ba. Fasasshen tulun da na kafa babu shi, damina ta baje tudun, shanu sun bi ta kai. Da wane baki zan ce mata na ɓatar da ɗanta?"

Liman ya ce ba zai sa shi ƙarya ba. Ya ce masa ya je ya tsaya inda zuciyarsa ta fi kwanciya, ya faɗi iyakar abin da ya sani, sauran ya bar wa Allah.

Na ɗauko ta daga Bakura. Da hantsi muka isa. Ruwa ya riga ya shanye gonakin fadama, yana nan kwance ba motsi, warin ruɓaɓɓen kara ya cika ko'ina. Muka tsaya bakin shingen ƙaya. Uwata na cikin wurin nan, da mijina, ni ma ban san inda suke ba. Shi kuma tsohon mijin nata ya shiga da sandarsa, ya yi nan, ya dawo, ya tsaya, ya sake gaba. Mun daɗe muna kallonsa. Can ya tsaya gabas da giginya, ya kafa sandar. Bai dube ta ba, ni ya duba.

"Goggo, ki ce mata nan ne. Ko kusa da nan."

Na juya zan faɗa mata, ta riƙe mini hannu. Ta ce, "Na ji. Kusa ma ya isa."

Ta ɗaga hannu, shi ma ya ɗaga daga can. A gindin shingen nan aka gama maganar ɗiya: ta zauna wurin uwarta, da kaka a riƙa kai ta wurin ubanta. Akuya kuwa ba wanda ya ƙara ambatarta. Aure bai komo ba, ba a kuma nemi ya komo ba.

Liman bai daɗe a sabon garin da aka mayar da mu ba ya rasu. Mijin ya yi wani aure, ya yi noma har ƙarfinsa ya ƙare, amma da maƙwabta suka koma kamun kifi, shi bai taɓa jefa koma a ruwan nan ba. Ƙaramar ɗiyar tana aure a Morai, har ta yi jikoki. Ita kuwa uwar ta auri wani mai sayar da hatsi a Mafara. Duk rani, in ruwa ya ja baya, sai ta zo ta tsaya bakin gaɓa, ta dubi kan giginyar da ya leƙo, ta karkata kaɗan gabas. Giginyar ta faɗi, ba ta fasa zuwa ba, har Allah ya karɓi abinsa.

Ni ce na saura. Har yau in an kawo mini kifin dam, sai in ce a kai wa yara.