Ruwan da na taɓa da hannuna

Ƙarshen sanyi ne, a shekarar da komai na Dubai yake rikita ni, har kwanan wata sai na tambaya. Maigidan yana aikin kago, wato jigilar kaya, a unguwar Port Saeed, ni ina gida da autarmu mai ciwon sikila. Likita ya ja mana kunne, kada ruwan sanyi ya taɓa ta, shi ke tayar mata da ciwon ƙashi. Ita kuwa burinta ta shiga teku kamar 'ya'yan maƙwabta.

A Kano, bahon ruwa nake ajiyewa a rana, kafin la'asar ya yi ɗumin wanka. Sai na ɗauka teku ma haka yake. Wata Juma'a da la'asar muka je bakin teku, babu iska, ruwan kwance kamar mai a faranti. Na sa bayan hannuna yadda ake gwada ruwan jariri. Ɗumi sosai.

"Gobe war haka za ki shiga, in Allah ya yarda," na ce mata.

Kashegari muka koma, ta saka kayan wankanta tun daga gida. Rana tana nan kamar jiya, lokacin ma shi ne, sai iska da ke kaɗa min hijabi. Na sa hannu, na janye. Sanyi.

"Umma, ba kin ce ba?"

"Na ce. Amma taɓa ki ji."

Ba ta taɓa ba. Ta zauna a yashi ta juya min baya.

A mota na ce wa maigidan, "Malam, wa ya sauya ruwan nan?"

Ya ce masu jiragen ruwa na katako sun gaya masa sama-sama kawai rana ke ɗumamawa, ƙasan yana nan da sanyinsa. In iska ta taso sai ta gauraya su.

"To jiya da ta shiga har ƙugu fa?"

Ya ci gaba da tuƙi. Na shiga tunani. Wato ranar ɗumin ma ba abin yarda ba ce? To wace rana ce tata? Har yau ban sani ba.

Da safe na cika baho na ajiye a baranda, inda rana ke fara sauka. Na zuba gishiri kaɗan, saboda ta ce in babu gishiri, ba teku ba ne.