Malamar da Ke Rufe Littafi da Wuri

Auta ba za ta bar makaranta ba. Mahaifinta, wanda kafinta ne, ya faɗi haka da bakinsa a ofishin shugaban makaranta a makon jiya, bayan ya tsaya a bayan taga ya ji 'yarsa mai shekara tara ta karanta shafi guda daga sama har ƙasa. Ta yi tuntuɓe, ta koma baya, ta tsaya tana motsa leɓe, amma ta kai ƙarshe. A farkon zangon nan ne ya ce zai cire ta. Matar da ta sa ya janye maganar za ta ajiye aiki a ƙarshen wata, bayan shekara talatin da 'yan kai tana koyarwa. Yara da iyaye duk da laƙabi ɗaya suka san ta: Malama Tsaya-Nan.

Ɗakinta shi ne na ƙarshe a barandar makarantar firamaren, dab da famfo. Da can wurin jibge karyayyun kujeru ne. Kullum tana isowa maigadi bai gama sharar bakin ƙofa ba. Ta buɗe taga, ta baje yashin da ke cikin tire da gefen hannunta, ta jera haruffan da ta yanka daga kwali, ta cusa ninkakkiyar takarda a ƙarƙashin ƙafar teburin da ke rawa. Sannan ta zauna jira.

Yaran da ake turo mata su ne waɗanda aji ya gaji da su. A filin wasa bakinsu ba ya shiru, wayo kuwa har ya yi yawa, amma da an ce a buɗe littafi sai fitsari ya matse su. Likitoci suna kiran matsalar disleksiya. Idon yaro lafiya lau, kansa lafiya lau, sai dai haɗa harafi da sautinsa yana ba shi wuyar da ba ta ba na kusa da shi. Malama ba ta cika kiran sunan ba. Abin da take gaya wa iyaye shi ne, "Hanyarsa ce ta fi ta sauran tsawo. Ku bar shi ya taka."

Laƙabin nata daga yadda take aiki ya fito. Yaro zai yi ta zana harafi da yatsa a cikin yashi yana faɗin sautinsa, ya goge, ya sake. Da zarar ya yi abin da jiya ya gagare shi, komai ƙanƙantarsa, sai ta ɗaga hannu ta ce, "Tsaya nan!" Ta rufe littafi. Darasin ranar ya ƙare ke nan. Ta miƙa masa hannu su tafa kamar manya, ta ba shi alli ya je bangon bayan ƙofa ya rubuta abin da ya ci, ya fita. Ba a goge bangon. Kalmomin shekara da shekaru suna nan a kai, karkatattu, wasu sun hau kan wasu, duk ba su wuce tsayin kafaɗar yaro ba.

Shugaban makarantar ya ce a shekararsa ta farko abin ya ba shi haushi. Ya taɓa tsayar da ita a baranda.

"Malama, an ba ki darasi cikakke, ko rabi ba a yi ba kin sallami yaro. Ga shi can yana wasa da famfo."

"Ranka ya daɗe, yau ya yi kuskure, ya gane da kansa, ya koma ya gyara. Ba wanda ya taɓa shi."

"To ai sai ki ƙara masa tunda ya kama hanya."

"Idan na ƙara masa layi ɗaya ya faɗi, da faɗuwar zai koma gida. Gobe da ita zai dawo mini."

Shugaban ya ce bai gamsu ba a ranar, kawai ƙararrawa ce ta raba su. Abin da ya gamsar da shi daga baya shi ne, yaran ɗakin ƙarshe sun daina fashin makaranta.

Bara ne Auta ta fara zuwa ɗakin, hannuwanta a ɓoye cikin hammata. Malamin ajinsu ya shaida cewa yarinyar tana haddace duk abin da aka karanta a gabanta, ta maimaita shi tsaf tana kallon littafi, har aka daɗe ba a gane ba karantawa take yi ba. Ranar da aka gane, aji ya yi mata dariya. Nasararta ta farko a wurin Malama ba kalma ba ce. Ta fito da hannu ɗaya ta taɓa yashin. Malama ta ce, "Tsaya nan," suka tafa, ta bar ta ta zana tafin hannunta a bango. Daga nan sai harafi, sai gaɓa, sai gajerun kalmomi. A farkon zangon nan ta karanta layi guda cur, wanda ba ta taɓa jin an karanta ba.

A nan ne aka yi kuskuren, kuma murna ce ta jawo shi. Auta ta ruga gida da labari. Kafinta ya ajiye zarto, ya wanke hannu, ya kira matarsa, ya leƙa ya kira maƙwabci. Ya ɗauko littafin yayanta na babban aji ya buɗe tsakiya.

"To, 'yar Baba, karanta mana. A ji."

Mahaifiyarta ta ce yarinyar ta kalli shafin har idonta ya cika da ruwa, ta kasa karanta ko kalma ɗaya. Maƙwabcin ya yi gyaran murya ya ce ya bar ruwa a wuta. Washegari Auta ta ce cikinta na ciwo. Rana ta gaba ma haka. Kafinta ya aika wa makaranta cewa idan zangon ya ƙare zai cire ta, ta zauna wurin uwarta ta koyi ɗinki. A ganinsa haddar da ta saba ce ta sake yi, aka tafa mata a banza.

Malama ba ta kira shi ofis ba. Ita ta je shagonsa bayan an tashi, ta same shi ya ɗaure wata kujera da igiya, gam yana tsattsafowa daga mahaɗin ƙafafunta. Ta gaishe shi, ta gyara mayafi, ta nufi kujerar za ta zauna.

"A'a, a'a, Malama! Ba ta bushe ba!"

"Ai na ga ta tsaya da ƙafafunta."

"Tsayawa daban, ɗaukar mutum daban. Yanzu na haɗa ta."

"To Baban Auta, kai da ka san haka, me ya sa ka zauna a kan tawa?"

Kafinta ya goge hannu a riga. Amma ba mutum ne da ake kayarwa da magana ɗaya ba.

"Malama, ni gam ɗina kafin gobe ya kama. Naki sai yaushe?"

"Ban sani ba," in ji ta. "Wallahi ban sani ba. Ba zan yi maka alƙawarin ranar da ba a hannuna take ba. Abu biyu nake roƙo. Ka bar mini ita zuwa ƙarshen zango. Kuma idan ta zo maka da labari, ka tafa mata, kada ka ce ta ƙara."

"Shi ke nan aikina? Tafi?"

"Shi ke nan. Ko ya yi maka nauyi?"

Ya ce zai gani. Wannan kawai ta samu, da shi ta koma.

Malama ta ce makonnin da suka biyo baya su ne mafi nauyi a gare ta, domin ta san nata lokacin ma yana ƙarewa. Auta ta dawo hannuwanta a hammata. Sai da aka koma yashi, aka koma harafi ɗai-ɗai, kamar ba a taɓa yin komai ba. Akwai ranakun da Malama ta ga yarinyar za ta iya layi na biyu, hannunta har yana ƙaiƙayin juya shafi, amma ta rufe littafin. Mahaifiyar ta ce a gida kuwa kafinta ya riƙe nasa ɓangaren, da ƙyar. Auta ta faɗi abin da ta ci, ya tafa mata, ya buɗe baki zai yi magana, matarsa ta harare shi, ya mayar da bakin ya rufe.

A makon jiya ya zo makarantar ba da niyyar sauraro ba. Auta ta gaya masa teburin Malama yana rawa, shi kuma ya ce ba za a ce 'yar kafinta tana karatu a kan tebur mai ɗingishi ba. Ya iso da guduma da guntun katako, ya ji muryar 'yarsa, ya tsaya a bayan taga. A ranar Malama ta ɗaga hannu bayan layi na uku kamar yadda ta saba. Auta ce ta dafe littafin.

"Malama, kar ki ce tsaya. Ban gama ba."

Malama ta sauke hannu. Maigadi, wanda ya rako kafinta, ya ce mutumin bai motsa ba har aka kai ƙarshen shafi. Sannan ya ajiye guduma a ƙasa ya tafa, shi kaɗai, a baranda. Malama ta ce ita abin da ta ji kawai shi ne kamar an sauke mata kaya daga ka.

Malama, ke ce kika ga nasara a inda sauranmu muka ga yaro yana wasa da yashi. Ke ce kika jure a ce kina sallamar yara da wuri, kika ƙi sayen yabon manya da hawayen yaro. Ba ki taɓa ce wa uba ko uwa matsalar za ta tafi ba, domin kin san Auta za ta ci gaba da karatu a hankali fiye da 'yan ajinsu, wataƙila har girmanta. Abin da kika tsare mata shi ne ƙarfin halin sake buɗe littafi gobe. Uwar ɗakin ƙarshe, mun gode. Allah ya saka miki, ya sa ki huta lafiya.

Ga malamai da iyayen da ke da irin Auta a gabansu, hanyar Malama ba ta buƙatar kayan aiki. Idan yaro ya ci ƙaramin abu, a nuna masa an gani, a bar shi ya kwana da shi. Kada a kira maƙwabta.

Kafinta ya gyara teburin kafin ya tafi, ya ciro ninkakkiyar takardar ya miƙa wa Malama. Auta ta rubuta abin da ta ci a bango, a saman tafin hannunta na bara. Za ta wuce aji na gaba, kuma har yanzu tana buƙatar ɗakin ƙarshe, ita da sauran yaran da ke zuwa. An kawo gwangwanayen fentin da za a yi wa makarantar a lokacin hutu, suna jere a baranda. Shugaban makaranta ya ce ya gaya wa masu fenti kada su taɓa bangon bayan ƙofa. Da aka tambaye shi wanda zai karɓi makullin ɗakin idan aka dawo, ya ce ya nemi a turo malami, ba a ba shi amsa ba tukuna.