Rachidou, Ban Zo Na Ji Ka Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata 13 ga watan Mayu 2025, da hantsi, aka kira ni daga wata likita a Lyon cewa ɗan ƙanwata Rachidou ya cika, yana da shekara ashirin da bakwai. Ciwon amosanin jini da ya sha fama da shi tun yana ƙarami ne ya zama ajalinsa, saura wata guda ya yi jarrabawar ƙarshe.

Rachidou, daga Tawa ka zo hannuna a unguwar Goutte d'Or don karatun shari'a. Shekara biyu ka yi, sannan ka same ni a shago ka ce, "Kawu Ɗan Juma, an karɓe ni babbar makarantar kiɗa ta Lyon. Kiɗan jaz zan karanta, da tsara kiɗa." Na ce kiɗa ba karatu ba ne, na juya maka baya. Ba ka yi fushi ba. Duk hutu sai ka zo gaishe ni, goye da kwantirbas ɗinka, wannan ƙatuwar garayar Turawa da ta fi ka tsawo, ka jingine ta bayan buhunan shinkafa.

Sai bayan rasuwarka na san abin da kake yi. Malam Muhyiddeen, dattijon da ke dako a kasuwar Rungis, ya zo gaisuwa yana kuka. Makaɗin gurmi ne a gida, amma shekara ashirin babu wanda ya ce ya kaɗa. Kai ka riƙa bin sa har gidansa a Sevran kana sauraro, kana rubuta kiɗansa a takarda, ka gina aikin jarrabawarka a kansa. Da malamanka suka ga sunansa a saman naka, ka ce musu, "Shi ya koya mini, ni ƙari na yi."

Sau uku ka gayyace ni in ji ka, sau uku na ce kasuwa ta riƙe ni. A watan Yuni Sahadatou, abokiyar karatunka mai kaɗa fiyano, ta kira ni: "Kawu, za mu kaɗa aikinsa ranar da ya kamata ya yi jarrabawa. Ka zo, don Allah." Na rufe shago, na ɗauki Malam Muhyiddeen muka hau jirgin ƙasa. Minti ashirin suka yi suna kaɗawa, na ji Tawa a cikin zauren. Ka yafe mini, ɗana. Karatu ka yi, kuma ka iya.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara, Ya haskaka kabarinka. Ina miƙa ta'aziyya ga mahaifiyarka Hajiya Halimatou, da ƙannenka, da malamai da abokanka na Lyon da suka raka ka makwanci. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya kyautata namu zuwan.