Jan Alƙalamin Ustaz Haruna

Ina aji ranar Talata, na juya baya ina rubutu a allo, masinjan makaranta ya leƙo ya ce Ustaz Haruna ya rasu da hantsi a gidansa na Gadarif. Na ajiye alli, na sallami yara. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shi ya koya mini Turanci a makarantar tsakiya, kuma da abin da ya koya mini nake ci har yau. Bahaushe ne kamar mu, iyayensa sun zo kan hanyar hajji suka zauna, amma ban taɓa jin kalmar Hausa a bakinsa cikin makaranta ba. Dogo ne, mai farar jallabiya da jan alƙalami a aljihu. Yakan ce, "Waƙafi numfashi ne, aya kuwa kabari. Kada ka binne jimla da ranta." In yaro ya fara jimla da kalmar sharaɗi ta Turanci, if, ya tsaya a tsakiya, sai ya ce, "Gurguwa ka haifa. Ba ta kafaɗar da za ta dafa." Bayan maganar kuma sai bulala.

An ce a ambaci mamaci da alheri. Zan yi, amma ba zan yi masa ƙarya ba, don shi bai taɓa ƙyale kuskure ya wuce ba.

A shekarata ta biyu, mahaifina ya tafi aikin dawa a manyan gonakin Gadambaliya. Tarakta ta yi baya ta taka shi. Na yi mako ban je makaranta ba. Dokar Ustaz ce duk wanda ya yi fashi ya rubuto uzurinsa da Turanci, sai na rubuta my father is die na miƙa masa. Ya karanta, ya tashi, ya kwafe jimlar a allo da manyan baƙaƙe.

"Wa zai gyara wa Isa?" in ji shi.

Wani ya ce died, wani ya ce has died. Ya yi bayanin bambancinsu a natse: na farko abu ne da ya wuce aka rufe, na biyu ya wuce amma sawunsa na nan. Sannan ya tsayar da ni gaban aji ya sa na maimaita kowanne sau goma. A na bakwai muryata ta karye. Ya jira har na share ido, ya ce, "Daga farko." Bayan kwana biyu na gan shi a ƙofar gidanmu yana yi wa kawuna ta'aziyya da Hausa tsantsa. Ni bai dube ni ba.

Shekaru suka tafi. Na samu aikin tafinta a wani ofishin agaji a Shuwak. Shi kuwa an yi masa ritaya, ido ya fara gaza masa, ya kafa tebur a kasuwar Shuwak yana rubuta wa 'yan gudun hijira takardun koke da Turanci. Wata rana wata mata 'yar Eritiriya ta kawo takarda tana neman a haɗa ta da 'ya'yanta. Kallo ɗaya na gane rubutun hannun Ustaz ne. Layukan sun karkace, ayoyi sun ɓace, wani wuri ya sa lokacin da ya wuce inda ake son mai zuwa.

Takardar ba ta da aibin da zai hana a karɓe ta. Na ɗauki jan alƙalami na zagaye kuskure biyar, na ce wa matar a gaban layin mutane, "Mayar wa wanda ya rubuta. Ki ce ya koma makaranta." Kokenta ya yi jinkirin wata guda. Magana ta zaga kasuwa, mutane suka daina zuwa teburinsa, kafin damina ya tattara ya koma Gadarif.

Sau ɗaya muka haɗu bayan haka, a wajen wani ɗaurin aure. Jikansa ya ce masa ga Isa. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

"Na ga gyaranka," ya ce. "Huɗu daidai ne. Na ukun ka yi kuskure, wurin ba ya son waƙafi."

"Ustaz, ka yafe mini."

"Matar ta samu 'ya'yanta?"

Na ce ban sani ba. Ya saki hannuna, ya juya ga na kusa da shi. Ban sake ganinsa ba sai a makara.

A wurin zaman makoki babban ɗansa, Usman, ya roƙi duk wanda Ustaz ya ɓata wa ya yafe. Mu tsofaffin ɗalibansa muka amsa tare. Ni na yafe, Allah shaida. Abin da ban samu ba shi ne amsar roƙona, kuma mai ba ni ita ya tafi.

Ya Allah ka jiƙan bawanka Haruna, kada ka bi littafinsa layi-layi yadda ya bi namu. Ka yalwata masa kabari, ka ba matarsa Hajja Asabe da Usman da ƙannensa haƙurin rashi, ka tsaya musu. Matar nan da ban ko riƙe sunanta ba, ka sada ta da 'ya'yanta in ba su sadu ba, ka yafe mini abin da na yi mata. Amin.